Daga Bombay zuwa Chennai: Muhawarar Masu Kallon Finafinan Indiya a Anka da Gummi da Bukkuyum

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi muhawarar da ke tsakanin masu kallon finafinan Indiya a ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum, a yammacin Jihar Zamfara. Dattawa suna riƙe da tsofaffin finafinan Hindi na Bombay, matasa kuwa hankalinsu ya koma kan na kudancin Indiya, musamman na Tamil, waɗanda ake juya wa murya zuwa Hausa. Maƙalar tana ganin tazarar shekaru kaɗai ba ta isa ta bayyana wannan saɓani ba. Fassara ta sauya abin da mai kallo yake aunawa, sannan halin da yankin ya shiga na haƙar zinari da ta'addancin 'yan bindiga ya sa ƙarshen da fim yake yi wa mai laifi ya zama magana mai nauyi.

Gabatarwa



Akasarin abin da aka rubuta kan Bahaushe da fim ɗin Indiya a Kano aka tsaya aka rubuta shi. Brian Larkin, a maƙalarsa ta 1997 a mujallar Africa da kuma littafinsa Signal and Noise na 2008, ya yi nazarin silimun Kano da masu shiga cikinsu. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi sawun yadda labarai da waƙoƙin Hindi suka shige cikin finafinan Hausa. Ayyuka ne masu daraja, a kansu ma na dogara. Sai dai Anka da Gummi da Bukkuyum ba garuruwan manyan silimu ba ne irin su Palace da Marhaba da El Dorado. Garuruwa ne na noma da kiwo da kasuwar mako, mutanensu kuma ta wata ƙofa daban suka shiga wannan kallo. Abin da zan gabatar ya fito daga waɗancan rubuce-rubuce, da finafinan kansu, da irin hirar da ake yi a majalisa da teburin mai shayi da shagunan cajin waya.

Hanyar da fim ya bi ya iso

'Yan kasuwar Lebanon masu gidajen silima ne suka fara shigo da finafinan Indiya Arewa tun shekarun 1950, suka ga sun fi na Amurka da na Larabawa karɓuwa. Mutumin Gummi ko Bukkuyum da ya ga fim a wancan zamani sai dai in tafiya ta kai shi Sakkwato ko Gusau ko Kano, fatauci ko cin rani, ya dawo yana ba da labari. Zuwan kaset ɗin bidiyo a shekarun 1980 shi ya kawo kallon har gida: akwatin talabijin da janareta a zaure ko a rumfar kasuwa, yara su biya 'yan kwabbai su zauna a tabarma. Bayan da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, an rufe gidajen silima a jihar. Kallo bai mutu ba, ɗaki ya koma, daga kaset zuwa faifan sidi, daga nan ya shige aljihu.

Yau fim a katin memori yake yawo. Saurayi ya kai wayarsa caji, ya ƙara wani abu kaɗan a tura masa finafinai, shi kuma ya tura wa abokansa ta Xender. Wannan hanya ba ta buƙatar intanet a hannun kowa, mutum ɗaya ya sauke ya wadatar da unguwa. Ko a Satumbar 2021, da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, abin da ke cikin memori ya ci gaba da zagayawa hannu zuwa hannu.

Abin da dattijo yake karewa

Duk wanda ya haura hamsin, in aka taɓo masa Indiya, sunayen da zai kawo sanannu ne: Mother India (1957), Mughal-e-Azam (1960), Sholay (1975), Dharam Veer da Amar Akbar Anthony (1977), Disco Dancer (1982), Coolie (1983). Larkin ya kawo laƙubban da Hausawa suka raɗa wa jaruman: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Rishi Kapoor Mace, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Ba a yi wa baƙo irin wannan suna.

Hujjar dattawa ta fi yawa a kan kunya. A tsohon fim, in ji su, mace tana rufe kai gaban surukai, ɗa yana durƙusa wa uwa, saurayi da budurwa su yi ta zagaye bishiya har a tashi ba a ga abin da zai sa uba ya kashe akwati ba. Sai waƙa: Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar da Kishore Kumar. A nan ba na jayayya da su ko kaɗan. Karin waɗannan waƙoƙi ya shiga jinin mutane har masu bege a Kano, irin su ƙungiyar Ushaƙu Indiya, suka ɗauke shi suka ɗora masa yabon Annabi (SAW), finafinan Hausa kuma tun daga Sangaya (1999) suka gina kasuwarsu a kan waƙa tsakanin saurayi da budurwa.

Akwai wata hujja da ba a cika kawo ta a rubuce ba, amma ana jin ta a baki. Tsohon fim ɗin Bombay cike yake da Musulmi, a gaban kyamara da bayanta: Dilip Kumar, wanda sunansa na yanka Yusuf Khan, da Nargis da Madhubala da Meena Kumari, da mai kiɗa Naushad, da marubutan Sholay, Salim Khan da Javed Akhtar. A Coolie, Amitabh Bachchan ya fito a matsayin Iqbal, ɗan dako a tashar jirgin ƙasa mai lamba 786 a damtse. Mai kallo a nan yana ganin masallaci da liman da addu'a ba tare da an mai da su abin tsoro ba. Masu bin labarai a waya sun san hayaniyar da aka yi kan The Kashmir Files (2022) da The Kerala Story (2023), sukan kuma kafa hujja da su cewa Bombay ta sauya fuska. Adalci dai shi ne a faɗi cewa kudu ma ba ta tsira ba: ƙungiyoyin Musulmi a Tamil Nadu sun yi zanga-zanga kan Thuppakki (2012) da Vishwaroopam (2013), kodayake daga can ne kuma Maanaadu (2021) ya fito, wanda jaruminsa Musulmi ne da aka so a laƙa wa ta'addanci.

Duk da haka a lura da wani abu. Dattijon nan bai taɓa jin Hindi ba, sai 'yan tsirarun da suka koya da ka saboda yawan kallo. Da ido da kunne ya yi hukunci: sutura, hawaye, kari, wa ya durƙusa wa wa. Abin da bai ji ba sai ya cike shi da tarbiyyarsa. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma wani ɓangare na tsabtar da ake jingina wa tsohon fim mai kallon ne ya zo da ita. Rawar Helen a Sholay da ta Madhuri Dixit a Khal Nayak (1993) suna nan, ba a dai kawo su a majalisa.

Fassara ta sauya ma'auni

A farkon shekarun 2010 ɗakunan juya murya suka bayyana a Kano, wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Algaita. Abin da ake kira Indiya-Hausa ya mamaye kasuwa cikin ɗan lokaci, har masu shirya finafinan Kannywood suka yi ta kukan an ƙwace musu masu saye. Tashar Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ita ma ta nuna wasannin Indiya masu dogon zango da muryar Hausa, waɗanda mata a cikin gida suka fi bi.

Tun daga nan ma'aunin ya koma kan harshe. Saurayin Anka ba ya cewa waƙar fim kaza ta yi daɗi, galibi ma in an zo waƙar gaba yake turawa. Abin da zai maimaita maka shi ne maganar da jarumi ya yaɓa wa bos kafin a fara duka. Mai fassara kuwa ba kalma da kalma yake bi ba. Yakan sa wa fim sunan Hausa, ya zuba karin magana da baƙar magana da habaici, ya ba ɗan barkwanci bakin wani gari don a yi dariya. Har ta kai ana tambayar wa ya fassara kafin a tambayi wa ya fito, fim ɗaya kuma ya yi kasuwa a bakin wani ya faɗi a bakin wani. Ke nan idan matashi ya yabi fim ɗin Tamil, rabin yabon na wani Bahaushe ne da ke zaune gaban makirufo a Kano.

Wannan ya haifar da nasa ƙorafin. Iyaye suna cewa abin da da can yake ɓoye cikin yaren da yaro ba ya ji, yanzu ga shi da Hausa tsagwaronta, zagi da gatse har da maganar da ba ta dace da zaure ba. Ƙorafin yana da tushe. Tsohon fim ya sami sutura daga rashin jin yare, sabon kuwa an yaye masa.

Me ya sa kudu

Mai kallo a nan bai cika rarrabe Tamil da Telugu da Kannada ba, duk Indiya ce. Baahubali (2015 da 2017) da Pushpa (2021) na Telugu ne, K.G.F. (2018 da 2022) na Kannada ne, amma a shagon turi jaka ɗaya suke da finafinan Vijay da Suriya da Ajith da Dhanush da Rajinikanth, waɗanda su ne na Tamil, masana'antar da cibiyarta ke unguwar Kodambakkam a Chennai. Duk da haka ido yana gane bambanci tsakaninsu da na Bombay.

Tun daga Dilwale Dulhania Le Jayenge (1995), Bombay ta juya fuskarta ga Indiyawan da ke zaune a Landan da Amurka. Kuch Kuch Hota Hai (1998) da Kabhi Khushi Kabhie Gham (2001) an so su ƙwarai a ƙasar Hausa, musamman 'yan mata, amma duniyarsu ta gidajen bene da jirgi mai saukar ungulu ce. Fim ɗin Tamil bai bar ƙauye ba. A Kaththi (2014), manoma ne kamfani yake neman raba su da ƙasarsu da ruwansu. A Singam (2010), ɗan sanda ne a ƙauyensu wanda ba ya karɓar na goro. A Karnan (2021), rigimar daga tashar mota ta faro, ƙauye ne da bas ba ya tsayawa a cikinsa saboda an raina mutanensa. Jarumin baƙi ne, mai gashin baki, da zane ɗaure a ƙugu da adda a hannu. Mutumin da ya taso tsakanin Daki Takwas da Nasarawar Burkullu ba ya buƙatar a yi masa bayanin rikicin gona ko na mashaya.

Akwai kuma salon shigowar jarumi. Kafin a nuna fuskarsa sai an ja rai: a nuna ƙafa, a nuna ƙura, wani ya ba da labarin abin da ya taɓa yi, kiɗa ya tashi. Wanda ya san yadda Ɗan Anace yake zuga Shago kafin a shiga fage ya san wannan gini, kirari tukuna sannan bugu. A ganina wannan ne ya sa fassarar Hausa ta zauna wa finafinan kudu daram fiye da na Bombay, domin gurbin kirarin yana nan a buɗe, mai fassara cikawa kawai yake yi. A Tamil Nadu ma abin ya wuce nishaɗi. M. G. Ramachandran daga fim ya hau mulkin jihar, daga 1977 har rasuwarsa a 1987, jaruma Jayalalithaa ita ma ta hau daga baya, Karunanidhi da shi ma ya mulki jihar marubucin fim ne, Vijay kuma ya kafa jam'iyyarsa a Fabrairun 2024. Jarumin da ke tsaya wa talaka sana'a ce da aka daɗe ana gogewa a can.

Bombay da kanta ta gane. Ghajini na Aamir Khan (2008) da Singham na Ajay Devgn (2011) maimaicin finafinan Suriya ne. Jawan (2023) na Shah Rukh Khan kuwa Atlee ne ya ba da umarninsa, mutumin da ya yi wa Vijay Theri da Mersal da Bigil, ga Nayanthara da Vijay Sethupathi a ciki, kiɗan kuma na Anirudh. Saurayin da ya ce Shah Rukh ya dawo da ƙarfinsa, fim ɗin Tamil yake yabo cikin rigar Hindi.

Zinari, bindiga da ƙarshen labari

Nan ne yammacin Zamfara ya rabu da Kano. A 2010 duniya ta ji sunayen Dareta da Abare da Sunke da Bagega a Anka, da Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, bayan da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano gubar dalma daga dutsen zinarin da ake dakawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. A Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar saboda alaƙarta da matsalar tsaro, ba a ɗage hanin ba sai Disambar 2024. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kai 200.

Mutumin da ya rayu cikin wannan shi ne yake kallon K.G.F., labarin mahaƙar zinari da aka mai da ma'aikatanta bayi, da Rocky, maraya ɗan daba da ya kashe mai wurin ya gaje shi. Sunan fim ɗin ba ƙirƙira ba ne: filayen zinarin Kolar yake nufi, suna Jihar Karnataka, an rufe su a 2001, da yawa daga ma'aikatansu 'yan Tamil ne, tarihinsu kuma shi Pa. Ranjith ya taɓo a fim ɗin Tamil mai suna Thangalaan (2024). Matasa suna son Rocky don bai roƙi kowa ba. Dattawa kuwa za ka ji suna cewa, wanga ai ɗan ta'adda ne aka yi wa kiɗa.

Matasan suna da amsa, kuma amsa ce mai ƙarfi: Sholay fa? Gabbar Singh ɗan fashin daji ne da yake aza wa ƙauyen Ramgarh harajin hatsi. Ya kashe ɗan makahon limamin garin, ya aiko da gawar bisa doki. Thakur, tsohon ɗan sanda, da ya ga hukuma ba za ta iya ba sai ya yi hayar ɓarayi biyu su kamo masa Gabbar. In aka cire sunayen, babu abin da ba a gani ba a yankin nan, har da 'yan sa-kai da muhawarar da ke kansu. Mother India ma, da ake kafa hujja da shi kan tarbiyya, labarin Birju ne, ɗan manomi da zaluncin mai ba da bashi da ruwa ya tura shi daji ya ɗauki bindiga.

Saboda haka zubar da jini ba sabon abu ba ne a fim ɗin Indiya. Inda aka rabu shi ne wa yake yanke hukunci a ƙarshe. Radha da hannunta ta harbe ɗanta Birju lokacin da ya ɗauke 'yar mutane. A Deewaar (1975) ƙane ɗan sanda ne ya harbe yayansa. A Sholay, mai ba da umarni Ramesh Sippy ya so Thakur ya kashe Gabbar, hukumar tace finafinai ta ƙi, aka sake ɗaukar ƙarshen 'yan sanda suka zo suka tafi da shi. Tsohon fim yana barin ka ka tausaya wa mai laifi, har ka so shi, amma a ƙarshe sai uwa ko doka ta karɓi abinta. A Pushpa mai fasa-ƙwaurin katako ne ya wulaƙanta ɗan sanda ya tafi ɗaurin aurensa. A Jailer (2023) na Rajinikanth da Vikram (2022) na Kamal Haasan, jarumin tsohon ma'aikacin hukuma ne da ya daina jiran kotu. Ina ganin wannan ne ainihin abin da dattijo yake nufi in ya ce fim ɗin da ya fi ma'ana, ko da bakinsa kunya da waƙa ya ambata. Shi kuma saurayin da ya ga an kai ƙara ba a zo ba, an biya kuɗin fansa ba a sako ba, ƙarshen da 'yan sanda suke isowa shi ne a wurinsa tatsuniya.

Ba yau ƙasar nan ta fara wannan gardama ba. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da ɓarayi waƙa, Gambu ma da waƙar ɓarayi ya yi suna, an kuma daɗe ana ja-in-ja kan ko mawaƙi yana zuga ɓarna ne ko yana faɗin abin da ke akwai. Ban yarda da masu cewa fim ne ya koya wa yaran daji ta'addanci ba. Rikicin gona da burtali, da satar shanu, da kwararowar makamai, da raunin shari'a, sun isa su haifar da abin da muke ciki ko da babu waya ko ɗaya a Zamfara. Amma ban kuma yarda cewa kirarin da ake yi wa mai bindiga da Hausa mai daɗi, ana saurare dare da rana, iska ce kawai ba.

Ya kamata a yi wa masana'antar Tamil adalci a nan, domin ita ce kuma ta yi Asuran (2019), inda uban da ya san kisa ya kwashe fim ɗin yana neman raba ɗansa da ramuwa, ya ƙare da miƙa kansa ga kotu yana yi wa yaron wasiyya da karatu. Ita ta yi Jai Bhim (2021), wanda aka gina kan shari'ar gaske ta 1993, lauya yana neman haƙƙin talakan da ya mutu a hannun 'yan sanda, da takarda da shaida. K.G.F. kansa bai bar Rocky ya ci bulus ba, a kashi na biyu teku ce ta haɗiye shi da zinarinsa.

Sai dai duk wannan lissafi ya ginu ne a kan cewa ana kallon fim har ƙarshe, abin da ke raguwa. Fim ɗin awa uku yana cin caji, caji kuma kuɗi ne. Abin da ya fi yawo yanzu a TikTok da WhatsApp da Facebook guntaye ne na minti ɗaya ko biyu: shigowar jarumi, maganar da ya faɗa, dukan farko. Wasu ma sukan ɗora hotonsu a kan muryar. Masu yanka guntayen ba sa zaɓar wurin da Rocky ya nutse ko inda uban Asuran ya hau matakalar kotu, domin ba su ne ake turawa ba. Manazarcin da zai auna ra'ayin matasan Anka da Gummi da Bukkuyum nan gaba, kafin ya tambayi saurayi wane fim ya fi so, sai ya fara tambayarsa ko ya ga yadda ya ƙare.